Nasiha ga Matasan Daura: Ilimin da Ke Jiranku a Ɗakin Mai Jego

Ya ku 'ya'yana masu karatu a ƙasar Daura, musamman ku da zuciyarku ta karkata ga aikin lafiya, akwai wata cuta da idan littattafan likitancin zuciya suka zo kanta da wuya su wuce ba su ambaci Zariya da matan Hausawa ba. Gazawar zuciya ce da ke kama mace a ƙarshen ciki ko a watannin farko bayan haihuwa, alhali ba ta taɓa yin ciwon zuciya ba. A Amurka akan same ta ga mace 1 cikin dubbai. A Japan sai an yi haihuwa kusan 20,000 kafin a ga guda. A Sakkwato kuwa, binciken da Farfesa Simeon Isezuo da abokin aikinsa suka buga a 2007 ya samu mace 1 cikin haihuwa 102. Duk inda aka auna a duniya, ba a samu inda ta kai arewacin Najeriya yawa ba.

Kun san ta, ko da ba ku san sunan da likitoci suka ba ta ba. Mace ta sauka lafiya, an yi barka, an ci ƙauri, an yi suna, 'yan uwa sun watse. Bayan mako biyu ko wata guda sai ƙafafunta su soma kumbura, zoben hannunta ya matse. Daga ɗaki zuwa bakin murhu sai ta tsaya ta dafa bango tana haki. Da dare ba ta iya miƙewa a gado, sai an jera mata matasai ta kwana a zaune, ga wani tari da ba ya jin magani. A cikin ƙirjinta tsokar zuciya ce ta saki, ta buɗe, ta kasa tura jini yadda ya kamata, ruwa ya taru a huhu da ciki da ƙafafu. A tsakar gida kuwa cewa za a yi sanyi ya shige ta, ko ta yi wa wanka ha'inci. Sai a ƙara itace a gindin tukunya, a ƙara kanwa a kunu.

Kada wani ya ɗauka zan zagi wankan jego. Wanda ya ga yadda tsohuwa ke tashi tun asuba ta fari ta hura wuta, ta tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya ko na runhu tana fyaɗa wa 'yarta safe da yamma har kwana 40, ya san wannan aikin ƙauna ce. A kwanakin nan mai jego ba ta daka, ba ta ɗiban ruwa, ana gasa mata nama da yaji, ana dama mata kunu, wata na riƙe mata jariri ta samu barci. Mata da yawa a ƙasashen da suka fi mu asibitoci ba su samun rabin wannan gatan. Amma ƙauna ba ta hana a tambayi abin da zafi da kanwa ke yi wa zuciyar da ta riga ta gaji.

Wanda ya fara zama ya yi wannan tambaya da alƙalami da littafin rajista wani likita ne mutumin Birtaniya, Eldryd Parry, wanda ya zo Jami'ar Ahmadu Bello a 1969 a matsayin farfesan likitanci, ya zauna har 1977. Shi da abokin aikinsa Neil Davidson sun lura gadajen mata a asibitin Zariya suna cika da masu jego masu kumburi. Likitoci da yawa kafin su sun ga irin waɗannan mata, sun ba su maganin fitar da ruwa, sun sallame su. Su kuwa sai suka riƙa rubutawa: shekarun mace, haihuwa ta nawa, garinsu, watan da ciwon ya tashi, awon jininta, me take ci, yaya take wanka, a kan me take kwana. A 1978 suka buga bayanin mata 224. Sun ga cutar ta fi yawa a watannin zafi da damina, sun ga matan na shan kunun kanwa da yawa, suna kwana a gadon ƙasa da ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Kanwa, irin wadda fatake suka saba kawowa daga Manga da bakin Tafkin Chadi, cike take da sodiyam, sinadarin da ke cikin gishiri, shi kuma sodiyam yana riƙe ruwa a jiki. Zafi kuma yana buɗe jijiyoyin jinin fata, ya sa zuciya ta ƙara gudu. Sai suka ce ga alama nauyin ruwa da zafi ne ke haɗuwa su kayar da zuciya.

Bayani ne mai ma'ana, ya kuma zagaya duniya. Abin da ya fi burge ni a aikinsu, duk da haka, wani abu ne da ba a cika faɗa ba. Ba su rufe littafin ba. An ci gaba da bin waɗannan mata har sama da shekara 20, aka buga sakamakon a 1998, Parry na cikin marubutan tare da likitocin Zariya irin su Anjorin da Danbauchi. Ku tsaya ku auna abin da hakan ke nufi a ƙasarmu. Mace ba ta da lambar gida. Ta yiwu aurenta ya mutu ta koma gidan iyaye, ta sake aure a wani ƙauye. Sunan da ta bayar a asibiti ba shi ake kiranta da shi a unguwa ba, kuma ita ba za ta faɗi sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba saboda kunya. Haka aka bi su, aka gano waɗanda suka rasu da waɗanda suka rayu, aka kuma ga da yawa cikin masu ran hawan jini ya kama su daga baya. Da ba a koma ba, da ba wanda zai san mace da ta tashi daga wannan ciwo tana buƙatar a riƙa auna jininta har tsufa.

To amma bayanin kanwa yana da ɓaraka, kuma yaro mai hankali zai iya hango ta. Kusan duk macen ƙauye a wancan zamani tana wanka, tana shan kunu. Me ya sa 1 ce cikin 100 ke faɗuwa, 99 na tashi garau? Kuma ga cutar a Haiti da Afirka ta Kudu, inda ba su san kanwa ba. A Zariyar ma, wani bincike da Adesanya da Anjorin da Parry da abokansu suka buga a 1991 ya kwatanta masu ciwon da masu jego lafiyayyu, dukansu sun bi al'ada iri ɗaya. Abin da suka auna a jininsu shi ne homon, wato sinadaran da ke kai umarni a jiki, har da wani da zuciya da kanta ke fitarwa idan ruwa ya yi mata yawa don ta sa ƙoda ta zubar da gishiri. Adolfo de Bold ne ya gano shi a Kanada a 1981, shekara 10 kacal kafin nan. Sun same shi ya hau sosai a jikin masu ciwon. Yau ɗan uwan wannan homon ne ake aunawa a jini a manyan asibitoci don a gane zuciya ta fara gazawa.

Wanda ya sake buɗe shari'ar ɗan gida ne, Farfesa Kamilu Musa Ƙaraye, likitan zuciya a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Jami'ar Bayero. Ya haɗa likitoci daga asibitoci daban-daban na Najeriya suka buɗe rajista guda, aka sa mata suna PEACE, suna ɗaukar hoton zuciya da na'urar eko, suna kwatanta masu ciwo da masu lafiya. A 2020 suka buga bayanin mata 406. Mafi yawansu daga arewa maso yamma suke, wato yankinmu. Abubuwan da suka fito a matsayin masu ƙara haɗari su ne rama, rashin karatun zamani, rashin sana'a, da hawan jinin masu ciki. Wankan jego da kunun kanwa ba su nuna su ne tushen cutar ba. Kafin wannan, a Kano, ya auna jinin masu ciwon ya ga mafi yawansu na da ƙarancin seleniyam, wani sinadari da jiki ke samu ta abinci gwargwadon abin da ke cikin ƙasar noma. Likitan Faransa Arnaud Cénac ya ga irin haka a Yamai tun 1992.

Ku lura da kyau a nan, don matasa sukan yi gaggawa. Wannan bai wanke kanwa ga macen da zuciyarta ta riga ta gaza ba. Irin wannan mace kowane likita zai ce ta rage gishiri, ta bar kanwa, ta bar ruwa mai ƙuna, kuma gaskiyarsa. Abin da binciken Kano ya ce shi ne a daina tsayawa a bakin tukunyar wanka ana nuna tsohuwa da yatsa, a leƙa rumbu a ga me yarinyar ke ci tun kafin ta yi ciki, a tambaya ko ta taɓa zuwa awo. Ƙaraye bai tashi don ya kare al'adar iyayensa ba, bai kuma tashi don ya kunyata Parry ba. Rajistar Parry ce ma ta ba shi wurin tsayawa. Ya dai sake aunawa da kayan aikin da babu su a Zariya ta 1970, ya faɗi abin da ya gani.

Yanzu sai mu shiga cikin kai, don akwai wani zare na labarin da ya fito daga can.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa, daidai bayan idanu, akwai wani ɗan mitsitsin ƙullutu da ake kira fituwitari, nauyinsa kusan rabin giram. Daga cikinsa homon ke fita, wato sinadaran da jini ke ɗauka su kai umarni wani sashe na jiki: wannan ya je wuya ga ƙullutun da kan kumbura ya zama maƙoƙo, wancan ya je bisa ƙoda, wani ya je ma'ajiyar ƙwan mace, wani ya je nono. Ku 'yan Daura ba za ku sha wahalar gane tsarin ba. Mai martaba ba ya tsayawa a ƙofar fada ya ɗaga murya don a ji shi a Baure ko Zango. Yakan faɗa wa na kusa da shi, a tashi jakada zuwa ga hakimi, hakimi ya sa dagatai aiki, sa'an nan rahoto ya dawo fada, a ƙara umarni ko a sassauta. Shekaru da yawa masana sun ɗauka fituwitari shi ne sarkin. Wanda ya tabbatar cewa shi ma karɓar umarni yake yi daga sashen ƙwaƙwalwa da ke bisansa, mai suna haifotalamas, shi ne Geoffrey Harris, likita ɗan Ingila da aka haifa a 1913, ya yi aiki a Kambirij da Landan da Oksfod.

Matsalar da ta dami masana ita ce, sashen gaba na fituwitari ba shi da jijiyoyin saƙo da suka haɗa shi da ƙwaƙwalwa. To ta ina umarnin ke bi? Harris ya ce ta wasu 'yan siraran jijiyoyin jini da ke gangarowa ta wuyan ƙullutun. Manya sun musa, cikinsu har da Solly Zuckerman, mai faɗa a ji a kimiyyar Birtaniya. Harris bai tsaya cacar baki kawai ba, ya koma ɗakin gwaji. Ya yanke wuyan ƙullutun a jikin ɓeraye, sai ya ga bayan ɗan lokaci jijiyoyin sun sake tsirowa, aikin jiki ya dawo. Sai ya sake yankewa, ya cusa 'yar takarda mai kaki a tsakani don kada su haɗu. Wannan karon aikin bai dawo ba. Sa'an nan shi da Dora Jacobsohn, wata likita da ta gudu daga Jamus ta Hitila ta zauna a Siwidin, suka yi gwajin da aka buga a 1952. Suka cire fituwitarin ɓeraye mata, suka dasa musu wani. Waɗanda aka dasa wa daidai ƙarƙashin haifotalamas, inda waɗancan jijiyoyi za su iya kama shi, jikinsu ya dawo daidai har suka ɗauki ciki. Waɗanda aka dasa wa a wani gefen ƙwaƙwalwa, ƙullutun ya rayu, jini na zuwa masa, amma umarni ba ya zuwa. Ku dubi yadda ya toshe kowace kafa da mai musu zai iya bi. Abin da nake so ku ɗauka daga gare shi ke nan.

Sinadaran da ya ce suna bin wannan hanya bai samu ya riƙe su a hannu ba. Mutum biyu a Amurka, Roger Guillemin da Andrew Schally, su suka yi tseren shekaru suna tace ƙwaƙwalen tumaki da aladu daga mahauta. Don samun kusan miligiram 1 na sinadarin farko, wanda aka gano siffarsa a 1969, sai da aka tace na tumaki sama da 200,000. An ba su kyautar Nobel a 1977 tare da Rosalyn Yalow, wadda ta ƙirƙiro hanyar auna homon a ɗigon jini. Harris ya rasu tun 1971, ba a kuma ba mamaci wannan kyauta. Duk da haka duk likitan da ke duba matsalar rashin haihuwa ko ta maƙoƙo a Katsina yau, a kan harsashinsa yake tsaye.

Cikin homon ɗin fituwitari akwai firolaktin, mai sa nono ya kawo ruwa. Henry Friesen ne ya ware na ɗan Adam a Kanada a farkon shekarun 1970. Shi nasa tsarin daban ne: ƙwaƙwalwa danne shi take yi kullum da wani sinadari mai suna dofamin, sai jariri ya kama nono saƙo ya hau sama, a ɗaga masa ƙafa. Shayarwa a kai a kai kuma na jinkirta dawowar al'ada, shi ya sa shayarwar shekara biyu da addini ya kwaɗaitar da ita ta daɗe tana ba uwayenmu tazara tsakanin haihuwa. Ni'ima ce babba. Sai ga shi a 2007 wata masaniya a Hanoba ta Jamus, Denise Hilfiker-Kleiner, ta nuna a jikin ɓeraye cewa idan tsokar zuciya ta rasa garkuwarta daga wasu gurɓatattun sinadarai da aikin jiki ke haifarwa, wani sinadari mai yanka yakan datse firolaktin, guntun da ya fita kuma ya riƙa kashe ƙananan jijiyoyin da ke ciyar da zuciya. Seleniyam na cikin abubuwan da jiki ke gina waccan garkuwa da su. Kun ga inda zaren Kano da Yamai zai iya haɗuwa da na Hanoba. Na ce zai iya, don har yanzu hasashe ne mai ƙarfi da ke jiran wanda zai tabbatar da shi a jikin matanmu.

Akwai magani mai suna buromokiriftin da ke yin aikin dofamin, ya tsayar da firolaktin. Farfesa Karen Sliwa ta gwada shi a Soweto, aka buga a 2010: mata 20, an ba 10 maganin, 10 aka yi musu maganin da aka saba. Cikin na farko 1 ta rasu, cikin na biyu 4. Adadin ya yi kaɗan a yanke hukunci da shi, ita ma ta san haka, ana kuma ci gaba da manyan gwaje-gwaje. Ina roƙonku kada wanda ya karanta wannan ya je kemis ya saya wa 'yar uwarsa. Yana iya sa jini ya daskare a jijiya, likitoci na haɗa shi da maganin tsinka jini, a ƙarƙashin kulawa.

Ga kuma inda abin ya zama namu mu kaɗai. Wannan magani yana ƙafar da nono. A Hanoba uwa za ta buɗe gwangwanin madara, ta buɗe famfo, ta dama. A wani ƙauye na Sandamu ko Mai'aduwa, gwangwani guda ya fi ƙarfin aljihun maigida, ruwan kuma na rijiya ne, jaririn da aka raba da nono a watan farko gudawa na jiransa. A ceci zuciyar uwa a jefa jariri a haɗari, ko a bar ta tana shayarwa a yi mata sauran magunguna? Wace mace ce ciwonta ya kai a ɗauki wannan mataki, wace ce bai kai ba? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ba wanda zai amsa wannan daga Jamus, kuma bai kamata mu zauna muna jiran su amsa mana ba.

Akwai wata cutar ta ɗakin jego da ita ma daga fituwitari take, ita kuwa shiru take cin mace. A lokacin ciki ƙullutun yana ƙara girma don shirin shayarwa. Idan mace ta zubar da jini da yawa wajen haihuwa har jininta ya faɗi, sai ya rasa abin da zai rayu da shi, ya mutu. Harold Sheehan ya bayyana wannan a Gilasgo a 1937, cutar na ɗauke da sunansa. Alamar farko nono ya ƙi kawo ruwa. Daga nan al'ada ba ta dawowa, gashin hamata ya zube, ga kasala, ga jin sanyi ko a watan bazara, mace ta dusashe a hankali shekara da shekaru. Sai a ce sammu ne, ko iska, ko a zargi kishiya, wani lokacin auren ma ya mutu. Alhali da an tambaye ta tambaya biyu, ko ta yi zubar jini a haihuwarta ta ƙarshe, ko nononta ya kawo, da an kama hanya, kuma ƙwayoyin da ke maye gurbin homon ɗin da ta rasa suna dawo da ita mutum. Wannan yana ci mini rai ƙwarai, don ciwo ne da tambaya kawai ke tona shi.

Rigakafinsa shi ne a tsayar da jinin da wuri. Allurar oksitosin da ake yi wa mace bayan ta haihu don mahaifa ta tsuke, ita ma homon ce ta sashen baya na fituwitari, kuma zafi na rage mata ƙarfi idan ba a ajiye ta a sanyi ba, abin da duk wanda ya san wutar lantarkinmu zai yi tunani a kai. Amma babbar matsala ita ce ido na ruɗi, jinin da ya jiƙe zane da katifa ba a sanin yawansa sai mace ta galabaita. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya na wani gwaji mai suna E-MOTIVE, da aka yi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata sama da 200,000. Kayan aikin wata leda ce da ake shimfiɗa wa mai haihuwa, ƙasanta aljihu ne mai tsini da aka yi wa layukan awo. Jini na taruwa a ciki, ungozoma na kallon layi. Da ya kai inda aka yi alama, ba jira, sai a haɗa duk matakan a lokaci guda: murza mahaifa, allurai, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fita. Sakamakon da aka buga a 2023 ya nuna mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta sun ragu da kashi 60 cikin 100. Leda ce mai layi, 'ya'yana, da mace Bakanuwa da ta tsaya a kan a riƙa aunawa.

Saboda haka kada ku ce sai kun je Kambirij. Na san halin da ake ciki, yajin aiki yana cin shekarun ɗalibi, ɗakunan gwaji ba kaya, waɗanda suka ƙware kuma suna ta ficewa ƙasashen waje. Ba zan ce wa kowa kada ya fita neman ilimi ba, Ƙaraye ma a Siwidin ya yi digirinsa na uku, amma a kan matan Kano ya yi shi. Ku fita da tambayar gida a aljihu.

Ke 'yata da ke Makarantar Koyon Aikin Lafiya ta Daura, ko kike shirin karatun ungozoma a Malumfashi, kina da abin da Parry bai taɓa samu ba. Kina iya yin sallama ki shiga har ƙuryar ɗakin mai jego, ki zauna a bakin gado, ki ji abin da ba za a taɓa faɗa wa namiji ba, balle Bature da tafinta. Ki shiga da ladabi. Ki durƙusa ki gaida tsohuwar da ke mata wanka, ki kira ta Iya ko Inna, ki tambaye ta abin da ta gani a shekarun da ta yi tana wannan aiki, don ta ga masu jego fiye da yadda za ki gani nan da shekara 10. Ranar da kika ce mata al'adarta jahilci ce, ranar ƙofar ta rufe, kuma mai ciwon ce za ta biya. Kai kuma ɗana, ko ba ka karanci lafiya ba, gobe kai ne mijin da za a jira izininsa da kuɗin motarsa. Idan matarka ta kasa kwanciya sai a zaune, ko kumburi ya haura gwiwa, ko jini ya ƙi tsayawa, ranar za a tafi asibiti, ba bayan arba'in ba. Idan an ce ana neman jini, ka fara miƙa hannunka.

Masu son bincike cikinku, ku riƙe lissafi da kyau, don da shi ake rarrabe abin da ya faru bisa dace da abin da ke da dalili. Kada ku taɓa ƙirga marasa lafiya kaɗai ba tare da lafiyayyun da za a kwatanta su da su ba. Ku koyi Turanci har ku iya karanta mujallar likitoci, ku ƙara da Faransanci, don matan Matamaye da Magarya da Damagaram 'yan uwanmu ne, abincinmu ɗaya, wankanmu ɗaya, abin da likitocinsu suka rubuta kuma da Faransanci yake. Wata ɗabi'a da ta yaɗu a makarantunmu ina roƙonku da Allah ku nisance ta, wato ɗalibi ya zauna a ɗaki ya cike takardun tambayoyi da kansa, ko ya sayi aikin wani ya canza sunan gari. A fannin lafiya lambar ƙarya tana iya shiga rahoto, rahoto ya zama tsari, tsari ya kashe mace da ba ta san an yi ba. Amana ce, za a kuma tambaye ku.

Abin da za a fara da shi ba shi da tsada: na'urar awon jini, sikeli, da littafi mai kauri. Ɗalibin kimiyyar sinadarai zai iya sayen ungurnu da jar kanwa da fara a kasuwar Mai'aduwa, ya auna sodiyam ɗin da ke cikin kofin kunu guda kamar yadda ake dama shi a gidaje. Ma'aikaciyar ƙaramin asibiti a Zango za ta iya rubuta nauyi da awon jinin duk mai ciki da ta zo awo, ta sake ganinta a mako na 2 da na 6 da wata na 5 bayan haihuwa, ta tambayi numfashi, ta danna ƙafa da yatsa ta ga ko gurbin ya zauna, ta tambayi nono. Wadda ta ga alama a jikinta ta tura ta asibitin tarayya na Daura ko na koyarwa a Katsina, ta kuma bi ta ji abin da aka samu. Kafin ku rubuta sunan kowa ku nemi izinin hukumar asibiti da yardar matar kanta, ku gaya mata abin da za a yi da bayanin, ku kulle littafin inda idon wani ba zai kai ba. A kowane shafi ku sa sunanta na yanka da wanda ake kiranta da shi a gida, da sunan mahaifinta da garin iyayenta, da unguwar mijinta da sunan mai unguwa, yadda ko ta bar gidan, ko ku kun bar aikin, wanda ya gaje ku zai iya nemo ta bayan shekara 20 ya sake auna jininta.